Tabon da Haske Ya Cinye

Kyamarata ta gwanjo ce. Wani direba ne ya sayar mini da ita a tashar Batsari, ba kwali, ba littafin bayani, sai igiyar ratayawa da ta sha gumin wani bawan Allah da ban taɓa sani ba. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Safana, amma koyarwar ta zama jefi-jefi. Yau a buɗe makaranta, gobe a ji ɓarayin daji sun gitta a rufe, iyaye su riƙe 'ya'yansu a gida, mu malamai mu zauna gindin dalbejiya muna korar ƙuda. Shi ya sa na rataya kyamara na shiga ɗaukar hoton fasfo, don a shekarun nan ko kwanon masara za a ba mutum na tallafi sai an ce ya kawo hotonsa.

Abu na farko da sana'ar ta koya mini shi ne kyamara ba ta son farin kaya. Mutanenmu kuwa in za su ɗauki hoto, rigar Juma'a suke sawa, fara sol, an sa mata bula. Sai in danna, in duba, in ga riga ta fito da kyau har da zaren ɗinkinta, mai rigar kuwa ya koma ido da haƙori. Na sha zagi a kan wannan. Daga baya na gano dabara da kaina: in saita tsakiyar kyamara a goshin mutum, in danna maɓalli rabi in riƙe, sannan in gyara tsayuwa in ƙarasa dannawa. Fuska sai ta fito tas, har tsagar gado ana ƙirgawa. Daga ranar na ɗauka na gama sanin kyamara, kuma ba wanda ya isa ya gaya mini komai.

Sai dai abin yana cina a rai, don ni mutum ne mai son sanin dalili. Wata rana na ɗauki hoton bangon masallacinmu da aka shafe da farar ƙasa, ya fito ruwan toka. Na shiga madafa na ɗauki gindin tukunyar matata, baƙi wuluk, shi ma ya fito ruwan toka. Na jera su a allon kyamara ina kallo, ina jujjuyawa, na rasa wanne ne bango wanne ne tukunya. Matata ta gaji da ganina tsugune a bakin murhu ta ce, "Malam, in ka gama da tukunyar ga turmi can, shi ma bai taɓa shiga hoto ba." Na yi dariya, amma ban samu amsar tambayata ba.

Akwai kuma wani abu da kyamarar take yi. Wani lokaci in na buɗe hoto don in duba, sai in ga wani wuri a cikinsa yana ƙiftawa, baƙi, fari, baƙi, fari. Yau hular mutum, gobe sararin sama. Wannan kam ban wahalar da kaina ba. Na ce ai gwanjo ce, allon ne ya fara mutuwa. Nakan ɗan buge ta da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo, in ta ƙi bari in wuce hoto na gaba.

Ana haka satar shanu ta yi ƙamari. Wani lokaci akan kwato wasu daga daji a tara su a fili, a ce masu shanu su zo su duba. Nan rigima take tashi, don shanun ƙasarmu kusan duk farare ne, masu baƙin kunne da baƙin hanci, kuma ɓarayi kan sake yanke musu kunne su ɓata shaidar. Sai dattawa suka ba da shawara kowa ya ɗauki hoton dabbarsa tun tana hannunsa, shi ma ya tsaya a gefenta. Kasuwata ta buɗe. Na hau babur na zaga Wagini, na zaga Tsaskiya, inda duk hanya ta yi lafiya a ranar.

Yadda mutane suka ɗauki wannan hoton ya ba ni sha'awa. Sun ɗauke shi kamar ranar suna. Tun da hantsi za a kai sa bakin rijiya a wanke shi da sabulu, a cire masa kaska, a goge ƙahonsa. Kafin a gama, rana ta take tsaka. Su kuwa abin da suke so ke nan, don a wurinsu hoto sai da rana, kuma ƙarin rana ƙarin kyau. Sai a ja farin sa, wankakke, a tsayar da shi a tsakiyar fili yana ɗaukar ido, mai shi kuwa ya raɓe a bakin inuwa da igiya a hannu. In na ɗauka, kowa ya taso ya leƙa allo, kuma fuskar mai sa ake nema. An ga ya fito? An ga hularsa? To hoto ya yi. Ban taɓa jin wanda ya ce in matso masa da jikin san ya duba ba, ni ma ban taɓa tunanin haka ba.

Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye kusa da Wagini. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure, kuma abin da marigayin ya bar mata gona ce da sa guda. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka kowace damina takan haɗa nata da na maƙwabcinta, a yi wa gonarsa huɗa, a yi wa tata. Da wannan sa take ci. Mace ce mai kaifin baki, irin tsofaffin da in sun gaishe ka sai ka duba ko an yanke ka. Ni kuma tun ina yaro take kirana malamin boko, tun ban san ko baƙi ba.

San yana da shaida a kafaɗar dama. Yana ɗan maraƙi ya yi ciwon kafaɗa, marigayin ya sa ƙarfe a wuta ya yi masa lalas, layi huɗu. Uku sun miƙe, na huɗun ya karkace ya yi ƙugiya, don maraƙin ya zabura a daidai lokacin. Da shekaru suka ja, gashi ya rufe wurin, tabon ya koma ɗan dishi-dishi a cikin farin, sai ka matso ka san inda za ka duba.

Da farko gwaggo ƙin hoton ta yi. Ta ce nuna dabba yana jawo mata baki. Sai da aka kore shanun wani gida a ƙauyen da ke gabansu sannan ta aiko a kira ni. Na same ta ta riga ta wanke shi, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, ta tsaya ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Bayan mun gama gaisuwa, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To malamin boko, ɗauka mu gani, in ba kayan ado ka rataya ba."

Na ɗaga na danna ba tare da dabarata ba, don san ne ya cika tsakiyar hoton. Na duba. San ya fito ɗan duhu-duhu, kamar ba a wanke shi ba, kowane gashi a kwance, har ƙudan da ke kan tozonsa. Gwaggo kuwa ta zama inuwa, ba a ganin komai sai farin idonta. Matan maƙwabta da suka taru suka leƙa suka fashe da dariya. Ta karɓi kyamarar ta kai kusa da hancinta.

"Wanga mi ne? Ni ce ka mai da gindin tukunya? Shi ko ka ga ka sa mishi dauɗa, ni da na wuni ina wankin shi."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ni da ake yabo daga Safana har Batsari a kan fitar da fuska, a yi mini dariya a gaban mata? Na ce, "Gwaggo, wannan gwaji ne." Na danna alamar kwandon shara na goge hoton a gabansu, don kowa ya ga ba na ajiye aikin banza. Sannan na saita goshinta, na riƙe rabi, na gyara, na ɗauka. Fuskarta ta fito kamar za ta yi magana. Tsagar gidanmu a kumatunta, ƙanƙancewar idonta, har ɗan murmushin mugunta da take ɓoyewa. Mata suka yi guɗa.

Sai san ya fara ƙiftawa a allon. Daga tozo har cinya, baƙi, fari, baƙi, fari. Gwaggo ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi! Kashe abin nan. Mi ya sa yake baƙi yana ɓacewa? Ba na son wanga alama." Na ce mata allon ne ya tsufa, na buge shi da tafin hannu, na kashe. Da na wanko hoton a Batsari ba ƙiftawa, sai fuskarta kyakkyawa da wani farin abu mai ƙafafu a gefenta. Ta sa shi cikin kwallarta ta rufe, ni ma na manta da zancen.

Da bazara, ana sharar gona, ɓarayi suka zo da rana tsaka suka kore shanun ƙauyen daga bakin rafi. Ba a kashe kowa ba a wannan karon, shi ya sa mutane suka yi ta cewa an gode Allah. Da na je yi mata jaje na tarar ta share turken ta zuba toka, tana zaune tana ɓarar gyaɗar iri. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai maƙwabcin ya ɓoye nasa a gida ranar, ya tsira, kuma zai jira ta har ruwan shuka kafin ya nemi wani abokin haɗi.

Ruwan farko ya sauka ke nan aka ce an kwato wasu shanu, an tara su a wani fili a Batsari. Na ɗauko ta a babur. Tun kafin in tsaya ta nuna shi. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, an yanke masa kunnuwa biyu, idonsa ya mutu. Ta kira shi yadda ta saba, bai ko ɗago ba. Wahala ta sa bai san kowa ba. Amma ga layi huɗu a kafaɗa, na huɗun da ƙugiyarsa.

Sai dai akwai wanda ya riga mu tsayawa a kansa, wani dattijo daga Babban Duhu. Na so ƙwarai ya zama maƙaryaci, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma mutum ne mai sanyin murya, rigarsa duk faci, an kore masa garke gaba ɗaya, kuma ya yi imani har zuciyarsa wannan nasa ne. Ya ce nasa ma an yi masa lalas a kafaɗa, kuma wa bai san lalas ba a ƙasar nan? Ya kawo shaidu biyu, mu ma muka kawo maƙwabci da wani. Kowa ya kwatanta tabon daidai, don kowa ya riga ya gan shi a filin. Dattawan da aka ɗora wa rabon suka ce, to, wa ke da hoto?

Na miƙa namu ina hura hanci. Babban cikinsu ya sa tabarau ya duba, ya juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya ce, "Baiwar Allah kam ga ta nan, ba musu. Amma malam, ina san?" Na karɓa na duba da idon da ban taɓa duba shi da shi ba. Baƙin hanci, baƙin kunne, kofato huɗu, irin na kowane sa a filin. Ƙaho ɗaya ya ɓuya bayan ɗankwalinta, ɗayan ya narke cikin sararin sama. Tsakanin wuya da wutsiya kuwa farar takarda ce kawai, ko layi ɗaya babu. Na roƙe su su ba ni zuwa kasuwa mai zuwa, na ce asalin hoton yana nan a kwamfutar mai wankin hoto, kuma na ji ana iya rage wa hoto haske. Suka yarda.

Washegari na tafi Katsina wurin wani tsoho mai gyaran kyamara da aka kwatanta mini, wanda ya yi aikin hoto tun zamanin fim. Shagonsa bai fi ɗakin kaji ba. Ya sa hoton a kwamfuta, ya ja hasken ƙasa a hankali. Fuskar gwaggo ta dushe, tsamiya ta yi baƙi, ƙasa ta yi baƙi. San ya tashi daga fari ya koma ruwan toka, amma sumul, kamar an shafe shi da siminti. Ya ja har ƙarshe. Ba gashi, ba tabo.

Na ce, "Baba, a ƙara ja."

Ya ce, "Ɗana, ko zuwa gobe zan ja ba abin da zai fito. Ba ɓoyewa ya yi ba, ba a rubuta shi ba ne tun farko."

Duk da halin da nake ciki, son sanin dalilin nan nawa ya motsa. Na gaya masa zancen bango da tukunya. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara nawa ina ɗaukar hoto ban tambayi kowa ba? Sannan ya yi mini bayani. Ya ce kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Awon haske kawai take yi, kuma an gina ta a kan zaton duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, ruwan toka ne. In ta ga fari da yawa sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. In ta ga baƙi sai ta ce duhu ya yi yawa, ta ƙara. Shi ya sa bangona da tukunyar matata suka haɗu a tsakiya.

Ya karɓi kyamarar ya shiga wani lungu na cikinta da ban taɓa shiga ba, ya nuna mini alamomi uku. Ta farko tana auna hoton gaba ɗaya ta raba daidai. Ta biyu tana fifita tsakiya, a nan tawa take tun daga hannun direba. Ta uku tana auna ɗigo ɗaya tak, inda ka saita, ta yi watsi da sauran. Ya ce sababbin kyamarori ma suna da ta huɗu, wadda ke neman wuri mafi haske a hoton ta kare shi kada ya ƙone, komai duhun da sauran zai yi. Dabarar da nake taƙama da ita, in ji shi, ba laifi ba ce a hoton fasfo. Amma ranar na auna baƙar fuska a cikin inuwa, na umarci kyamara ta buɗe ido sosai, alhali ga farin sa wankakke a tsakar rana.

"Ka ɗauka cikinta ƙananan ƙoƙuna ne jere," ya ce, "kowanne yana tarar haske. Wanda ya samu kaɗan, ko ɗigo ne, ana iya aunawa a ƙara. Wanda ya cika ya zuba kuwa, cikakke ne kawai. Na kan gashi ya cika, na kan tabo ya cika, wa zai bambanta su? Duhu yana ajiya. Haske in ya yi yawa ba ya bar maka komai."

Na ce, "To ƙiftawar nan fa, Baba? Allon ne ko?"

Ya ajiye kyamarar ya dube ni ta saman tabarau. "Ta yi maka ƙiftawa?"

"A jikin san duka."

"Kai kuma ka yi mata me?"

Na ce na buge ta. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce ƙiftawar gargaɗi ce, kyamara ce take nuna maka daidai inda ya ƙone tun kana tsaye a wurin, tun kana iya sake ɗauka. Na tuna gwaggo tana ja da baya tana cewa ba ta son alamar. Ita da ba ta taɓa riƙe kyamara ba ta gane ana gaya mana wani abu, ni malamin boko na ce tsufa ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na san ma'anarsa a jikina.

Sai na tuna hoton farko, na ba shi labari. Ya miƙe zaune. Ya ce wannan shi ne hoton, da yana nan da ya ɗago fuskarta daga duhun cikin minti biyu, ga sa ga mai shi. Ya ce ko an goge wani lokaci ana iya tono shi, in ba a ɗora wasu a kai ba. Katin ajiyar hotona ɗaya ne, ƙarami, kuma tun daga ranar na share shi na cika shi ya fi sau ashirin da fuskokin masu neman tallafi. Ya gwada duk da haka, har la'asar. Fuskoki suka yi ta fitowa, rabi-rabi, na mutanen da na manta. San bai fito ba.

Ranar kasuwa muka koma. Na faɗa wa dattawan gaskiya, cewa laifina ne. Suka ce tunda shaidu sun yi daidai, hoto kuma bai raba gardama ba, saura rantsuwa. Dattijon Babban Duhu ya yi alwala ya rantse, kuma na tabbata bai san ƙarya yake yi ba. Aka juyo ga gwaggo.

Gidanmu sun daɗe da musulunta, gwaggo ba ta wasa da salla, amma akwai abubuwan kakanni da ba ta saki ba. Ɗaya daga ciki shi ne ba a rantsuwa a kan abu mai rai. A wurinsu, in mutum biyu suka rantse a kan dabba ɗaya, dabbar ce take ɗaukar nauyin, ba ta kai wata damina. Na sani, amma na tsuguna kusa da ita na ce, "Gwaggo, naki ne fa. Gaskiya za ki faɗa."

Ta ce, "Na san nawa ne. Shi ya sa." Ta juya ga dattijon. "Malam, ka tahi da shi. Ba ya son ƙaiƙayin dawa, yana sa shi tari. Ka jiƙa mishi dusa da ɗan kanwa."

A hanyar komawa ko zagina ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da na fi jin daɗi. Maƙwabcin ya jira iyakar jiransa ya haɗa da wani. Daminar nan da hannu ta yi noma, ni da wani jikanta muna zuwa ranar da babu makaranta, kuma rabin gonar ciyawa ta cinye. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kunyar da ke hana mutum cin tuwo a gidan da ya saba ci.

Na koma wa shanun da na ɗauka a baya, waɗanda suka rage, na sake ɗaukarsu kyauta. Na sha faɗa da masu su. In ce kada a wanke, su ce wane irin hoto ne da dauɗa. In ce a bari sai la'asar ko a shigo da shi inuwa ɗaya da mai shi, su ce malam ya fara tsoron rana. Na koyi saita ɗigon awo a kafaɗar sa, in ƙara haske kaɗan kaɗan har ƙiftawa ta fara, sannan in ja baya taki ɗaya. In fuskar mai shi ta yi duhu ya yi ƙorafi, sai in ce masa ai shi ba a sace shi ba tukuna. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya kiyaye bakina.

Bayan an yi girbi wani aiki ya kai ni Babban Duhu. Dattijon nan ya gan ni ya gane ni, ya ja ni gidansa, ya kawo fura. Ya ce yana so in ɗauki san, kada abin da ya faru ya sake faruwa. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. San ya murmure, gashinsa ya kwanta, ga kwanon dusa jiƙaƙƙe a gabansa. Na jira rana ta karkata. Na ɗauke su tare, na ba shi nasa daga baya. Sannan na matsa na ɗauki kafaɗar ita kaɗai, na auna a kan tabon. Ba abin da ya ƙifta.

Na wanke hoton kafaɗar babba na kai wa gwaggo, ina fargabar ko fami zan yi mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta fita da shi bakin ƙofa inda ido zai gani. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa yatsa ta bi layi na farko, na biyu, na uku. A na huɗu ta tsaya a kan ƙugiyar.

"Nan ya zabura," ta ce. "Ni ke riƙe da ƙafar. Marigayi ya yi ta faɗa wai na saki, ni ko ban saki ba, hannunshi ne ya yi rawa." Ta sake duba hoton. "Ya yi ƙiba. Yana ba shi kanwar ke nan."

Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta ciro tsohon hoton, ta sa sabon a wurinsa ta rufe. Ta miƙo mini na fuskarta.

"Ungo naka, malamin boko. Huskata kowa ya san ta a garin nan."

Shekara biyu bayan haka ta rasu, ba ta sake mallakar sa ba. Da aka zo zaman makoki aka nemi hotonta, ashe duk duniya ba ta da wani sai wannan. 'Ya'yanta suka sa na wanko musu kowa da nata, suna ta sa mini albarka, wai na fitar da ita kamar tana raye. Sun ce in yanke farin gefen don ya shiga firam, na yanke musu. Nawa ban yanke ba. Yana rataye a ɗakina, kuma baƙi in sun shigo fuskarta suke yabo. Ni gefen nake kallo, daidai inda kafaɗar take.